Neman shawara: yaya zan koya wa Japanawa kalmar "buzz"?

Malama a Nagoya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koya wa manya 'yan Japan Turanci, darasin mako mai zuwa kuma kan "buzz" ne. Sun san ta da ƙugin ƙudan zuma, amma suna rubuta "my video buzzed" idan bidiyonsu ya karaɗe intanet. Ta ina zan fara, me kuma zan ajiye sai gaba? Minti 50 gare ni.

Mai Nahawu:
Wa alaikumus salam Malama. Fara da ginin jimla, can gizo ke saƙar. A Japananci kalmar kwaikwayon sauti, wadda suke kira giongo, rakiyar aikatau take yi: "hachi ga bunbun tobu", wato ƙudan zuma na tashi bunbun. Haka amsa-kama yake a wurinmu: ya faɗi tim, ya faɗa ruwa tsundum. A Turanci kuwa sautin da kansa ke zama aikatau: "bees buzz". Shi ya sa za ki ga ɗalibi ya rubuta "the bee flies buzz buzz". Ki ba su jimloli biyar na harshensu su mayar Turanci, da sharaɗin kada kowa ya ninka kalmar. Sannan ki nuna musu "buzzes" gaɓa biyu ce, "buzzed" gaɓa ɗaya, ba a cusa wasali kafin d.

Baba Malam:
'Yata, kada ki raina furuci. Kalmar Japananci ba ta ƙarewa da baƙi in ba n ba, don haka "buzz" sai ta koma bazu, "bus" ta koma basu, "bath" ma basu. Su ɗora yatsu biyu a maƙogwaro su ja zzz na daƙiƙa uku su ji rawar, sai su tsaya cak ba tare da sakin u ba. A sss babu wannan rawar. Ki biyo da tagwaye: bus da buzz, ice da eyes, rice da rise, price da prize. Wasalin da ke zuwa kafin z ya fi tsawo kaɗan, da shi ma kunne ya fi rarrabewa.

Mai Fassara:
Kuskuren bidiyon daga bazuru ya fito. Japanawa sun ari "buzz", suka liƙa mata ru ta zama aikatau mai nufin abu ya yaɗu a kafafen sada zumunta. Turanci bai ba aikataun wannan ma'ana ba. Bature zai ce "it went viral", ko ya mayar da ita suna: "it created a lot of buzz", wato ana ta maganarsa. Wannan gyaran ya fi komai muhimmanci a darasin, domin ɗalibi na ganin ya riga ya san kalmar.

Sauran ma'anonin ki jero su daga sauti zuwa abin da ke haifar da shi. Waya ta yi rawa: "my phone buzzed". Ƙararrawa ita ce "buzzer", sun san ta da buza. "Buzz me in" roƙo ne a danna maɓalli a buɗe ƙofar gini daga ciki. "Give me a buzz" ki kira ni ne, tsakanin abokai kawai. Wuri ya cika da hada-hada: "the office was buzzing".

Malama a Nagoya:
Na gode ƙwarai. "Buzz off" fa, in saka?

Mai Fassara:
Ki ambace ta don su gane in sun ji, amma ki gargaɗe su, korar wulaƙanci ce, kamar a ce wa mutum ɓace min da gani. "Buzz cut" (askin inji mai rage gashi ƙasa sosai) da "buzzword" (kalmar da ake yayi) su jira wani darasin. Minti 10 furuci, 15 ginin jimla, 20 ma'anoni da bazuru, 5 na ƙarshe kowa ya gyara jimlar bidiyonsa ya karanta a fili.