Kwamfutar shagona tana mutuwa tun daga sabuntawar daren Talata: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Mai shagon buga takardu, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a. Ina da kwamfutar tebur ƴar gwanjo da nake buga wa ɗalibai furojek da ita, Windows 11 ce a kai. Daren Talata na bar ta tana sabuntawa na tafi gida. Tun safiyar Laraba ba ta sake cika minti ashirin a kunne ba: sai allo ya koma shuɗi, rubutu ya fito, kafin in karanta ta sake tashi da kanta. Wani mai gyara ya ce in kawo a yi mata fomat. To akwai aikin ɗalibai goma sha ɗaya a ciki, uku daga cikinsu mako mai zuwa za su kare nasu a gaban malamai. Don Allah duk wanda irin wannan ta taɓa samu ya faɗa mini yadda ya yi.

Mai gyara, Jekadafari

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yarda a goge komai tukuna. Kafin a taɓa ta, ki kwashe aikin yaran nan a filash. Idan ba ta ba ki lokaci, ki kunna ta, da zarar tambarin Windows ya fito ki danne maɓallin wuta har ta mutu. Ki yi haka sau biyu zuwa uku, za ta shiga shafin gyara da kanta. Daga nan Troubleshoot, sai Advanced options, sai Startup Settings, bayan ta sake tashi ki danna 4. Safe Mode ke nan, inda take tashi da ƴan abubuwan da ba ta iya yi sai da su. A nan za ki kwafe fayilolinki cikin natsuwa.

A wannan Advanced options ɗin akwai Uninstall Updates, wanda zai cire sabuntawar ƙarshe. Idan kuma babbar sabuntawa ce ta sauya sigar Windows gaba ɗaya, kwana 10 kike da su na komawa tsohuwar, muddin ba a goge jakar Windows.old ba. Amma abin da na fi so ki yi mini: ki riƙe waya a hannu, in shuɗin allon ya fito ki ɗauki hotonsa. Kalmomin nan masu manyan haruffa da ke ƙasa su ne za su faɗa mana inda ciwon yake.

Mai ɗaukar hoto, Pantami

Na sha wannan wahala ana saura kwana huɗu Ƙaramar Sallah, lokacin da hotunan mutane suka taru mini. Tawa VIDEO_TDR_FAILURE take rubutawa, kuma sai na buɗe manhajar gyaran hoto take faɗuwa. In rubutu kawai nake yi, sai ta wuni lafiya. Wannan bambancin ne ya sa ƙanena ya gane direban katin hoto ne, wato ƴar manhajar da ke haɗa Windows da katin. Sabuntawa ta zo da sabon direba, katina kuwa tsoho ne, suka ƙi jituwa. Muka shiga Safe Mode, muka buɗe Device Manager, muka danna kan katin muka zaɓi Roll Back Driver. Minti biyar aikin bai kai ba. Hajiya ki lura da abin da kike yi duk lokacin da ta faɗi, ko firinta ce, ko sikana, ko ba ruwanta da komai.

Malamin makaranta, Kumo

Ni tambayata ɗaya, Hajiya: da kika tafi gida daren nan, wuta ta tsaya har gari ya waye? Domin tawa a kan idona abin ya faru. Tana kashi 30 cikin ɗari, ga rubutu ɓaro-ɓaro cewa kada a kashe, aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita sai kwamfuta ta riƙa zagaye tana cewa tana gyara kanta, ba ta gaba ba ta baya. Sakamakon jarrabawar aji uku na ciki, kuma ni kaɗai na san irin daren da na yi.

Wani tsohon ɗalibina ne ya zo ya cire sabuntawar da ta tsaya rabi. Da ta tashi ya buɗe Command Prompt a matsayin mai iko ya rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, da ya gama ya bi shi da sfc /scannow. Na biyun ya nuna ya samu fayilolin da suka lalace kuma ya gyara su. Daga albashin watan nan na sayi UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kuma yanzu ba na barin ta sabunta sai ina zaune, janareto da mai a ciki.

Mai kafe, Bolari

Kwamfuta takwas nake da su, kuma abin da na gani ya ɗan sha bamban da na malamai. Biyu daga ciki sun riƙa mutuwa bayan sabuntawa, amma babu shuɗin allo, ɗif kawai kamar an zare waya. A Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru da ita, abin da muka samu shi ne Kernel-Power 41, wanda ma'anarsa kawai ta mutu ba a kashe ta yadda ya dace ba. Da muka buɗe murfi sai ga ƙurar hunturu ta toshe fanka kamar an cusa auduga, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe ƙarau. Ga zafin watan Afrilu na Gombe, wanda ba sai na ba kowa labari ba. Sabuntawa aiki ne mai nauyi, takan sa furosesa da had disk su yi ta gudu na sa'o'i, to a nan ne raunin da ke ɓoye yake fitowa. Muka hure ƙurar, muka sa sabon mai, shi ke nan.

Ɗalibi, Tumfure

Ni dai tun da tawa ta yi mini haka na toshe sabuntawa gaba ɗaya. Shekara guda ke nan ban ga shuɗin allo ba.

Mai gyara, Jekadafari

Ƙanena, a shagon da kowa ke zuwa da filashinsa wannan shawara ba za ta yi ba, domin yawancin sabuntawar ranar Talata ta biyu a kowane wata toshe ƙofofin ɓarayi ne. Abin da ya fi shi ne a jinkirta: Windows ta yarda a dakatar har mako biyar, ka bari wasu su fara gwadawa. Masu Windows 10 kuma su tuna tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Hajiya, wani abu da na manta: in shafin gyara ya nemi mabuɗin BitLocker, wato makullin da Windows ke kulle fayiloli da shi, jerin lambobi ne guda 48, galibi tana cikin asusun Microsoft da aka buɗe kwamfutar da shi. Ki nemo ta ta waya ki rubuta a takarda kafin ki ci gaba.

Mai shagon buga takardu, Tudun Wada

Allah ya saka wa kowa da alheri. Aikin ɗalibai duka yana filash biyu yanzu, sai a daren jiya na yi barci. Malam na Kumo, maƙwabcina ya ce wuta ba ta motsa ba daren nan. Na cire sabuntawar kamar yadda Oga na Jekadafari ya ce, na yi murna, amma bayan awa ɗaya ta sake faɗuwa. Wannan karon na samu hoton: MEMORY_MANAGEMENT. Na tura masa, ya ce in rubuta mdsched in bar ta ta gwada ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai. Kafin gwajin ya kai rabi ya nuna akwai matsala.

Yau da safe ya aiko yaronsa. Ram biyu ne a ciki, kowane 4GB. Ya goge bakinsu da abin goge fensir, ya riƙa sa ɗaya yana cire ɗaya. Da na farko ta yi awa shida ina bugu ba ko gezau, da na biyu ko minti goma ba ta yi ba. Mun mayar da sabuntawar ma, kuma tana tsaye. Sai dai da 4GB tafiyar hawainiya take yi in na buɗe furojek mai hotuna da yawa. Yaron ya ce irin ram ɗin DDR4 ce. Wanda ya san inda zan samu a nan Gombe, wurin da za a yarda in zo da kwamfutar a gwada a gabana kafin in biya, don Allah ya yi mini kwatance.