Na haɗa keken enduro da hannuna, amma tayar gaba tana zame mini a kwana

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Freiburg ta ƙasar Jamus, karatu ya kawo ni. Shekara biyu ina hawan dutse da wani tsohon keke mai shokozoba a gaba kaɗai. Da sanyin bana ya shigo sai na sayi firam na hannu irin na enduro, wato keken da aka ƙera don gangarowa daga dutse da gudu, na riƙa tsinto kayan ɗaya bayan ɗaya har na haɗa shi a ɗakina. Shokozoban gaba yana nutsawa milimita 170, baya 165, tayoyi inci 29 marasa tub, birki mai fistan huɗu. Na ɗora shi a sikeli, kilo 16 da rabi. Ni kuma kilo 68 ne.

Sau huɗu na fita da shi. In gangara ce miƙaƙƙiya, ba a magana, saiwoyi da duwatsun da a da nake sauka in tura yanzu ko jin su ba na yi. Amma hawa dutsen Rosskopf da ke gefen garin kamar ina jan amalanke. Abin da ya fi damuna shi ne kwana: sau biyu tayar gaba ta zame mini a Borderline, hanyar keke da ke gangarowa daga dutsen, na biyun har gwiwata ta daku. Birkin baya kuma kuka yake kamar akuya. Iskar taya psi 35 na sa, yadda na saba. Shokozoban baya ban taɓa shi ba, yadda mai shi na da ya bari. In sayar ne, ko ni ne ban iya ba?

Ɗan Damagaram a Grenoble:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayar, ba ka ma hau keken ba tukuna, saitin wani ka hau. Nemi ƙaramin famfon shokozoba. Sa kayan hawanka duka, har jaka da ruwa, ka hau wani ya riƙe maka, ka tura zoben robar da ke jikin sandar shokozoba ya manne da bakinsa, sannan ka sauka a hankali ka auna inda zoben ya tsaya. A baya ana son nauyinka kaɗai ya cinye kusan kashi 30 cikin ɗari. In tafiyar sandar milimita 65 ce, ka ga 19 ko 20 ke nan. A gaba kashi 15 zuwa 20, wato milimita 26 zuwa 34 a naka. Duk lokacin da ka rage iska, ka danna keken sau da yawa kafin ka sake awo.

Bayan nan ka duba jan maɓallin nan, shi ke saita saurin dawowar shokozoba. In ka rage iska dole ka sake shi kaɗan, in ba haka ba zai riƙa dawowa da nawa, ya yi ta nutsewa a kan duwatsu jere.

Tayar kuwa, psi 35 ai zalunci ne. Da nauyinka fara da 22 a gaba, 25 a baya.

Baban Hanifa:
Duk abin da Yaya ya faɗa haka ne, amma ni na fi zargin tsayuwarka. Tsohon kekenka kusurwar wuyansa ba za ta wuce digiri 68 ko 69 ba, tayar gaba tana ƙarƙashinka, shi ya sa ka koyi ja da baya in ka ga gangara. Na enduro kusan 64 ne, tayar ta yi gaba can. Ka ja baya, babu nauyi a kanta, me zai hana ta zamewa? Ka tsaya a tsakiya, haɓarka saitin wuyan keke, gwiwar hannu a lanƙwashe, ka gama taka birki kafin ka shiga kwana. Da farko za ka ji kamar za ka kifa. Ba za ka kifa ba. In hannun keken milimita 800 ne, gwada 770, amma ka matsa riƙonka ciki ka hau sati guda kafin ka sa zarto, don abin da ka yanke ba ya dawowa.

Mai Hardtail:
Ni dai gaskiya zan faɗa ko za a ji haushi. An ƙera keken nan ne don gasar da gangara kawai ake ƙirga wa lokaci, hawa kuwa a lallaɓa a kai sama. Shokozoba mai milimita 140 ya ishe ka a Freiburg. Ka sayi raƙumi don zuwa cefane.

Ɗan Damagaram a Grenoble:
Raƙumin ai ya riga ya shigo gida, Malam. Kuma garin Todtnau mai filin gangara da keke na kusa da shi, ga tsaunukan Alps. Ya juya maɓallin hawa da ke ƙara wa shokozoban baya tauri, ya sa giya mai laushi, zai kai.

Na Jos:
Kukan birki: ko mai ya taɓa takalman birkin, ko ba ka zaunar da su ba. Goge faifan birkin da sifirit irin na isopropyl. In takalman sun sha mai, sauya su kawai. Sababbi kuma ka ɗauki gudu ka matse birki har ka kusa tsayawa, ka saki, kamar sau ashirin.

In kana da niyyar dawowa da shi gida, taho da robobin shokozoba da mansa. RockShox, masu ƙera shokozoba, sun ce a yi wa ƙafafun na gaba sabis duk awa 50 na hawa, mu nan da ƙurar hunturu ba ma bari ya kai haka. Ruwan liƙe huda da ake zuba wa taya mara tub ma zafi na busar da shi da wuri, ga ƙaya a hanyar duwatsun Shere.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na auna, milimita 9 kacal bayan ke nutsawa, ashe mai shi na da ƙato ne. Na rage iska, na sauke tayoyin, na koma Borderline jiya. Gaban ya riƙe ƙasa sosai, sai dai in na tsorata har yanzu jikina baya yake gudu. Yaya, yanzu kuma feda ce ke bugun duwatsu in ina hawa. In ƙara iska kaɗan ne, ko in nemi gajeren hannun feda mai milimita 165?