Tallafi ya tsaya, soja na nan: wa ke riƙe da linzami tsakanin jakada da kwamanda?

Bagobiri_77:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ke ɗaure mini kai game da fitar Amurka daga Nijar. Sojoji sun kifar da gwamnatin Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023. Amurka ta dakatar da tallafin da ya kai kusan dala miliyan 200, amma sojojinta wajen 1,000 suka ci gaba da zama a Yamai da Agadas har Satumban 2024. Yaya ƙasa ɗaya za ta zare hannu guda daga kwano ta bar ɗayan a ciki? Wa ke yanke shawara a irin wannan hali, jakada ko kwamandan soja? Don Allah wanda ya san yadda aikin ke tafiya daga ciki ya fayyace mana, ba maganar son Amurka ko ƙinta nake nema ba.

Malam_Tsari:
Wa alaikumus salam, Malam Bagobiri. Amsar ita ce linzamin biyu ne, kuma doka ce ta raba shi.

Dokar aikin jakadancin Amurka ta 1980 ta ɗora jakada a kan kowane ma'aikacin gwamnatin Amurka da ke ƙasar da aka tura shi: masu aikin agaji, masu ba da biza, jami'an leƙen asiri, har da hafsan soja da ke zaune a ofishin jakadanci yana kula da hulɗar tsaro. Amma dokar ta ware rukuni ɗaya, wato sojojin da ke ƙarƙashin kwamandan yanki. A Afirka kwamandan yankin shi ne shugaban rundunar AFRICOM, mai hedikwata a Stuttgart ta Jamus. Sojan da ke gadin titin jirgi a Agadas a wancan lokacin umarninsa daga can yake zuwa, ta sakataren tsaro zuwa shugaban ƙasa. Jakadan da ke Yamai ana sanar da shi, ana neman amincewarsa a kan ayyuka da dama, amma ba shi da ikon cewa a naɗe tabarma a tafi.

Aljihun ma biyu ne. Kuɗin saya wa ƙasa makamai da na kai hafsoshinta kwas a makarantun sojan Amurka suna cikin kasafin ma'aikatar harkokin waje, ko da yake ma'aikatar tsaro ce ke aiwatarwa. Kuɗin horaswa da ba da kayan aiki na sashe na 333 na dokar sojan Amurka kuwa na ma'aikatar tsaro ne, sai dai dole sakataren harkokin waje ya sa hannu. Akwai kuma sashe na 127e, wanda dakarun musamman ke amfani da shi su tallafa wa wata rundunar gida da ke aikin yaƙi da ta'addanci tare da su. Sannan kuɗin gudanar da sansani, mai da abinci da albashi, ba tallafi ba ne ko kaɗan, kuɗin aikin soja ne. Nan ne amsar tambayarka take. Abin da dokar Amurka kan ƙasar da aka yi juyin mulki ta datse shi ne taimakon da ake bai wa gwamnati. Ba ta ce komai ba a kan sojan Amurka da ke zaune a ƙasar.

An yi dabarun ɗinke ɓarakar. A hedikwatar AFRICOM ana ajiye babban jami'in diflomasiyya a matsayin mataimakin kwamanda kan hulɗar soja da farar hula. Ofishin jakadanci na rubuta tsarin ƙasa na shekaru, rundunar kuma na rubuta nata na yanki, ana zama a daidaita su. Matsalar ita ce ba tafiyarsu ɗaya ba. Gina sansanin 201 na Agadas ya ci wajen dala miliyan 110, kuma sai 2019 jirage marasa matuƙa suka fara tashi daga can. Wanda ya zuba siminti irin wannan lissafin shekara ashirin yake yi, alhali gwamnatin da ta ba shi filin na iya faɗuwa a dare ɗaya. Da zarar an gina, sai jakada ya koma mai lallashi don kada a rasa sansani, maimakon sansanin ya zama ƙarfin da yake magana da shi.

Hajiya_Manufa:
Malam ya yi bayani, sai dai zan ƙara a kan dokar, don kwanakin suna da muhimmanci.

Sashe na 7008 na dokar kasafin ayyukan ƙetare shi ke hana taimaka wa gwamnatin da soja suka kifar da zaɓaɓɓen shugabanta. Amma ba ya fara aiki sai ma'aikatar harkokin waje ta furta cewa juyin mulki aka yi. A Masar a 2013 ƙin furtawa suka yi gaba ɗaya. A Nijar sun ja har 10 ga Oktoba, 2023, wato mako goma sha ɗaya ke nan. A tsakanin ne Victoria Nuland, babbar jami'ar diflomasiyyar Amurka, ta je Yamai ranar 7 ga Agusta ta zauna da Janar Moussa Salaou Barmou, ɗaya daga cikin jagororin juyin mulkin, wanda Amurka ta horas kuma ta daɗe tana aiki da shi. An ɗauka sanayyar hafsa da hafsa za ta buɗe ƙofa. Ba ta buɗe ba, ba a ma bar ta ta ga Bazoum ko Janar Tchiani ba.

A wannan lokacin kuma hukumar tallafin raya ƙasa ta Amurka, MCC, ta tsayar da shirinta na hanyoyi na dala miliyan 302, aka bar agajin abinci da na lafiya. To ku duba abin ta idon masu mulki a Yamai. Horo ya tsaya, kayan aiki sun tsaya, haɗin gwiwar yaƙi da 'yan bindiga ya tsaya, amma baƙo na nan da sojoji dubu a gidanka. Me yake yi maka? Wannan gurbin ne kuskuren tsari mafi girma a ganina. Tun ranar da aka san za a furta kalmar, ya kamata a ce an shirya ɗaya cikin biyu: ko sabuwar yarjejeniya mai faɗin abin da Nijar za ta samu, ko jadawalin ragewa a tsanake.

Aka zauna wata biyar a haka. A tsakiyar Maris 2024 tawagar Molly Phee, jami'ar diflomasiyyar Amurka kan Afirka, da Janar Michael Langley, kwamandan AFRICOM na lokacin, ta je da gargaɗi kan hulɗa da Rasha da Iran. Ranar 16 ga Maris Kanar Amadou Abdramane, kakakin gwamnatin sojan Nijar, ya fito a talabijin ya soke yarjejeniyar sojan, yana cewa tun 2012 da takardar diflomasiyya kawai aka ɗora ta, ba a bi ta majalisa ba. Daga baya firaministan Nijar Ali Lamine Zeine ya ce salon barazanar da aka zo da shi ne ya ɓata lamarin. Kafin Afrilu ya yi nisa masu horaswa na Rasha sun sauka Yamai.

Bagobiri_77:
Na gode Malam, na gode Hajiya. To tunda an ce su fita a Maris, me ya ja har Satumba? Ba jirgi za su hau kawai ba?

Dan_Kainji:
Ɗan'uwa, mutane su ne mafi sauƙin kwashewa. Kaya ne aiki.

Da farko sai an zauna an rattaba hannu kan sharuɗɗan fita: wa zai tsare sansani yayin da ake kwasa, jirage nawa za a bari su sauka, su waye za a ba izinin shigowa su yi lodi. Wannan bai kammala ba sai 19 ga Mayu, aka sa 15 ga Satumba wa'adi. Kafin nan izinin ratsa sararin samaniya da na sauka ya zama abin ja-in-ja, kuma takardar neman izinin ta ofishin jakadanci take bi. Soja na da jirgin, jakada ne ke da tambarin.

Daga nan sai ƙidayar kaya, kowane da lambarsa, a kasa su uku. Na farko wanda dole ya fita: makamai, harsasai, na'urorin sadarwa na sirri, jirage marasa matuƙa da tashoshin sarrafa su. Na biyu wanda ɗaukarsa ta fi kuɗinsa tsada, kamar ɗakunan kwantena da janareto da tankunan ruwa, sai a miƙa wa mai gida da takarda. Na uku wanda za a lalata. Jirgin C-17 kayan da yake iya ɗauka bai wuce tan 78 ba, kuma zafin Agadas kan rage nauyin da jirgi zai iya tashi da shi, don iska mai zafi ba ta da kauri. Ga kuma ƙa'idar da ba a karyawa: masu gadi da likitoci su ne na ƙarshen fita, don sansani ya fi rauni a lokacin da ya kusa zama fanko. Shi ya sa aka bi daki-daki, an miƙa sansanin 101 na Yamai ranar 7 ga Yuli, na Agadas kuma 5 ga Agusta.

Faransa ta sha wuya fiye da haka. Sojojinta wajen 1,500 ne, iyakar Benin a rufe, dole ayarin motocinta ya yi tafiyar sama da kilomita 1,600 ta ƙasa zuwa Njamena. Sun gama ranar 22 ga Disamba, 2023, bayan jakadansu ya shafe makonni a killace cikin ofishinsa.

Malam_Tsari:
Hajiya, a wuri ɗaya ban bi ki ba. Sabuwar yarjejeniyar da kika ce a shirya, me za a zuba a cikinta? Majalisar dokokin Amurka ta bai wa sakataren harkokin waje damar ɗage sashe na 7008 idan tsaron ƙasa ya buƙata, amma a lokacin ECOWAS ta sa takunkumi tana maganar tura dakaru, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta. Da Amurka ta ɗage, da ta kwance wa Abuja zane a kasuwa. Kuma ko an ɗage, dokar Leahy, mai hana taimaka wa rundunar da ta take haƙƙin ɗan Adam, na nan: kowace bataliya sai an tantance sunanta da na kwamandanta kafin a ba ta ko da kwas ɗaya. Mu ma mun ɗanɗana. A 2014 Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jiragen Cobra daga Isra'ila, Najeriya ta fusata ta soke horas da wata bataliya. Jiragen Super Tucano 12 da aka yi ta jan ciniki a kansu, musamman bayan harin kuskure da jirgin sojan Najeriya ya kai sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, ba su fara isowa ba sai Yulin 2021.

Hajiya_Manufa:
Na yarda hannun a ɗaure yake, Malam. To ai shi ya sa zaɓi na biyu ya fi kusa, a fara rage mutane da kaya tun Oktoba da kanka, kafin a nuna maka ƙofa. Kuma rabuwar linzamin ba a ɓangaren Amurka kaɗai take ba. A Chadi, cikin Afrilun 2024, wasiƙar da ta sa aka kwashe dakarun musamman kimanin 75 daga Njamena daga hannun hafsan sojan sama ta fito, ba ta hanyar da ma'aikatun harkokin waje suka saba bi ba. Sai da jami'an Amurka suka tsaya tantance ko matsayar gwamnatin Chadi ce ko dabarar neman sabon ciniki, ga zaɓen shugaban ƙasa na 6 ga Mayu ya ƙarato.