Neman shawara: Allah yana tare da mu a ko'ina, to shin bawa yana haɗewa da Ubangijinsa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Na lazimci zikiri bayan sallar dare, kuma a 'yan kwanakin nan nakan shiga wani yanayi da nake mance kaina da wurin da nake zaune, har in ji kamar babu komai sai Allah. Abokina ya ce wannan shi ne haɗewa da Ubangiji, ya kafa hujja da ayar Suratul Hadid da ta ce Allah yana tare da ku duk inda kuke, ya ƙara da cewa wanda ya kai wannan matsayi salla ta sauka daga kansa. Yayana kuwa ya ce in bar zikirin gaba ɗaya domin ƙofar shirka ce. In ci gaba ne ko in dakata?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ayar gaskiya ce, amma malaman tafsiri sun fassara wannan kasancewa tare da ilimi da ji da gani da iko, ba da cuɗanyar zati da halitta ba. Ka duba aya ta 7 a Suratul Mujadala, wadda ta ce babu wata ganawa ta mutum uku face Shi ne na huɗunsu: ta buɗe da ambaton ilimin Allah, ta kuma rufe da shi, kuma Imamu Ahmad ya kafa hujja da wannan. Akwai kuma kasancewa tare ta musamman, ta taimako da kariya, irin wadda Annabi (SAW) ya ambata wa Abubakar a cikin kogo. Duka biyun ana karanta su ne tare da aya ta 11 a Suratush Shura, cewa babu abin da ya yi kama da Shi.

Amsa ta biyu:
Allah ya saka wa Malam da alheri, sai dai ina ganin bai taɓo abin da ɗan uwanmu yake ji ba, kuma shi ne ya fi damunsa. Sufaye sun san wannan hali tun da daɗewa, suna kiransa fana'i, wato zuciya ta cika da ambaton Allah har ta daina lura da waninsa. Rashin lura da abu daban ne da rashin samuwarsa, kamar yadda taurari suke ɓacewa daga ido idan rana ta fito alhali suna nan a inda suke. Shehu Ahmad Sirhindi na Indiya, wanda ya rasu a 1624, ya gina bayaninsa a kan wannan bambanci: kaɗaituwar, wato jin cewa babu komai sai Allah, tana cikin ganin bawa ne, amma bawa yana nan bawa, Ubangiji yana nan Ubangiji. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki kalaman da wasu suka furta a cikin wannan yanayi a matsayin maganar wanda mayen ƙauna ya rinjaya, wanda idan ya farfaɗo yakan gane cewa ba haɗewa ta haƙiƙa ba ce. Tun kafin su ma, babban sufi Junaidu na Bagadaza ya fifita dawowa cikin hayyaci a kan dawwama cikin maye. Hallaju kuwa, sufin da aka jingina wa kalmar "Ni ne Gaskiya" (Gaskiya a nan sunan Allah ne, wato Al-Haƙƙu), an kashe shi a Bagadaza a 922, kuma har yau malamai ba su haɗu a kan hukuncinsa ba. A ra'ayina kada ka bar zikiri, kuma kada ka riƙa bai wa kowa labarin abin da kake ji.

Amsa ta uku:
Ni maganar faɗuwar salla ce ta fi tayar mini da hankali. Annabi (SAW) ya yi ta tsayuwar dare har ƙafafunsa suka kumbura, kuma babu waliyyin da ya kai shi kusanci. Hadisin ƙudusi da Buhari ya ruwaito, wanda Allah ya ce yakan zama jin bawan da yake ji da shi da ganin da yake gani da shi, ya fara ne da farillai sannan nafiloli, ya kuma ci gaba da cewa idan bawan ya roƙe Shi zai ba shi. Ke nan har a wannan matsayi akwai mai roƙo, akwai kuma wanda ake roƙo. Ka yi wa abokinka nasiha cikin taushi, amma kada ka ɗauki addini daga wurinsa.

Amsa ta huɗu:
Har Ibnu Taimiyya, wanda aka sani da tsananin sukar Ibnu Arabi, sufin da ake jingina wa ra'ayin kaɗaituwar samuwar halitta da ta Mahalicci, bai yi watsi da fana'i gaba ɗaya ba. Ya kasa shi uku: barin nufin wanin Allah, wanda ya yaba, daina ganin wanin Allah, wanda ya ɗauka rauni ne da ake yi wa mai shi uzuri, da kuma cewa samuwar halitta ita ce samuwar Mahalicci, wanda ya ƙi. Abin da ka siffanta ya fi kusa da na biyu, saboda haka yayanka ya tsananta. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙarancin barci yakan jawo irin wannan ji. Idan yanayin ya fara bin ka da rana, yana rikita maka aiki ko mu'amala da iyali, to ka rage tsayuwar dare ka ga likita, babu abin kunya a ciki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. To yaya zan gane malamin da ya dace in kai wa wannan magana?

Mai amsa ta biyu:
Ka nemi wanda ya karanta fiƙihu da tauhidi a gaban malamai sanannu, wanda ake ganinsa a sahun jam'i, wanda kuma ba ya yi wa almajiransa alƙawarin kaiwa ga wani matsayi cikin ƙayyadadden lokaci. Idan ka faɗa masa halinka ya fara tambayarka game da sallolinka na farilla da haƙƙoƙin mutane da ke kanka kafin ya ce komai a kan abin da ka ji, to ka zauna a wurinsa. Littattafan Ibnu Arabi kuwa ka jinkirta su har sai shi da kansa ya ga ka isa karanta su.