Kalmar "skin" a Turanci: ko ina aka gan ta fata take nufi?

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga malamanmu masu Turanci ce, da kuma iyayenmu 'yan kasuwar fata. Abin da aka koya mana shi ne *skin* na nufin fata. To amma a nan Legas kalmar tana fitowa ta inda ban zata ba. A takardun masu sayen fatu a abbatuwar Oko-Oba ana rubuta *hides and skins*, kamar abubuwa biyu ne daban. A shagon aski sai ka ji an ce a yi wa mutum *skin*. Masu takalma a kasuwar Balogun suna raba *skin shoe* da *leather shoe*, kuɗinsu ma ba ɗaya ba. Ga ta kuma a jikin kwalin magani da man shafawa. Don Allah a warware mini: yaushe take nufin fata, yaushe kuma take nufin wani abu?

Malamin Turanci, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ɗauki kalmomin nan biyu kamar tabarmi biyu da aka shimfiɗa ɗaya a kan ɗaya: tsakiyarsu ta haɗu, amma kowace tana da gefen da ya zarce 'yar'uwarta.

Inda suka haɗu shi ne fatar jikin mutum da ta dabba. Ko a nan ɗin ma Bahaushe ya fi sakin baki da "jiki". Mu kan ce jikina na ƙaiƙayi, jikin jariri da laushi, alhali Bature *skin* zai ce a duka biyun. Turancin buroka na titin Legas hanyarmu yake bi, shi ya sa za ka ji *body dey scratch me*.

Inda *skin* ta zarce fata kuwa, babba shi ne ɓawo. Ɓawon ayaba, na dankali, na tumatir, na albasa, da jan abin nan na jikin ƙwayar gyaɗa da ake murjewa bayan an soya, duk *skin* ne. Sai dai a kula, ba kowane ɓawo ba. Mu kalma ɗaya ta ishe mu, su sun rarraba: na lemo *peel*, na kankana *rind*, na ƙwai da ƙoƙon gyaɗa *shell*, na itace *bark*. Ma'aunin da zai taimake ka shi ne kauri da tauri. In abin siriri ne mai laushi, manne da naman abin, to *skin* ba za ta ba ka kunya ba. Haka yanar da ke kwanciya a saman madara ko kunu in sun huce, ko a bakin gwangwanin fenti da aka bari a buɗe, ita ma *skin* ce. Saɓar maciji ma da ita ake faɗa.

Tana kuma zama aikatau. *To skin a goat* fiɗar akuya ke nan. Yaro in ya faɗi ya ƙuje gwiwa, *he skinned his knee*. Na shagon aski kuwa ƙwal-kwabo ne, a share gashi har fatar kai ta fito, saboda haka wanda ke son a rage masa suma kawai kada ya furta kalmar a gaban mai aski, *low cut* zai ce.

Ta ɓangarenmu, fata ta zarce *skin* a wuri ɗaya mai muhimmanci: jemammiyar fata. Takalmin fata, jakar fata, ɗamarar fata, duk *leather* ne. Fatar ido *eyelid* ce. Maganar fatar baki kuma ba ruwanta da *skin*, *lip service* suke cewa. Batun *hide* na bar wa masu sana'ar, sun fi ni saninsa. Abin da zan ƙara kawai shi ne *hide* ta girmi *skin* a Turanci. Ita *skin* aro ce daga harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a Ingila, shekaru wajen 800 ke nan.

Dillalin Fatu, Oko-Oba:

Allah ya saka wa Malam da alheri. Ɗana, a kasuwarmu abubuwa biyu ne da gaske, kuma Hausa ma ta raba su tun da can: fatu da ƙiraga. *Hide* ƙirgi ne, na babbar dabba, saniya, raƙumi, doki. *Skin* ta ƙaramar dabba ce, akuya, tunkiya, ɗan maraƙi. Ƙirgi a kan sikeli ake cinikinsa ko a yi masa kuɗi bisa girmansa, fatun awaki da tumaki kuma ƙirga su ake yi ɗaya-ɗaya. In an jeme, sai awo ya koma na faɗi, da ma'aunin ƙafa murabba'i. Wanda ya rubuta *500 skins* a takarda alhali ƙiraga ya loda, ya jawo wa kansa rigima da mai saye, domin kuɗin da nauyin ba su ko kusa.

Kalmomin da za ka riƙa gani kusa da ita su ne ainihin ciniki. *Green* ko *raw* ɗanya ce, yanzu aka feɗe. *Wet-salted* wadda aka sa wa gishiri tana da danshinta. *Wet blue* wadda aka jeme da sinadarin kurom, launinta shuɗi-shuɗi, ba a gama ta ba. *Crust* an jeme an busar, saura rini da gyaran fuska. *Flay cut* yankan wuƙa wurin fiɗa. *Hair slip* kuma ita ce kalmar da ke karya jari: gashi yana zubewa saboda ruɓa ta fara. Gwajinta ba wuya, ka kama gashin wajen ciki ko hammata ka ja da yatsu biyu, in ya biyo ka ba gardama, fatar ta sauka daga lamba ɗaya, wani lokaci ma ta zama *reject*.

Jinkirin sa gishiri ne ke kawo wannan ruɓar. A Arewa ana iya ɗaure fata a jikin firam a inuwa iska ta busar da ita. Legas ba ta yarda da haka ba, iskarta cike take da ruwa. Daga fiɗa zuwa gishiri kada ya wuce awa huɗu. A wanke jini da kashi, a kankare sauran nama da kitse, domin gishiri ba ya ratsa kitse, ƙarƙashinsa ruɓa ke ɓuya. A bar ta ta huce ta tsane kamar rabin awa. Sannan a shimfiɗa ta a kan katako mai ɗan gangara, gefen nama yana sama, a zuba gishiri kilo 4 zuwa 5 ga kowane kilo 10 na ɗanyar fata, a goga shi har bakin-baki, wuya, ƙafafu da gindin wutsiya, don nan ne ke naɗewa a manta da su. A jera wata a kan wata a bar ruwan ya tsiyaye, bayan kwana biyu ko uku a kakkaɓe a ƙara sabo.

Kurakurai uku ne suka fi yawa, musamman a fatun layya. Cusa fata mai ɗumi cikin leda ko buhu a ɗaure. Kafin la'asar ta fara wari. Shanya ta a rana kan kwalta ko kwano. Waje ya bushe ƙamas, ciki ya dahu, sai an jiƙa ta a majema ta rabe. Na uku maimaita tsohon gishiri, wanda ke kawo jajayen tabo a gefen nama, abin da suke kira *red heat*. A kuma nisanta ta da ƙarfe mai tsatsa, tabonsa ba ya fita.

Ga mai tunanin fitar da fata waje ta tashar jiragen ruwa ta Apapa: a kundin kwastam babi na 41 ne ya ƙunshi wannan kaya, 4101 ɗanyun ƙiragan shanu da dawaki, 4102 fatun tumaki, na awaki suna cikin 4103. Ɗanyar fata da *wet blue* suna cikin jerin kayan da Najeriya ta hana fitarwa. Shi ya sa mafi yawan fatun awaki da tumaki ke komawa kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa a Kano.

Baduku, Mushin:

Alhaji ya gama magana a kan ɗanya. Gyara ɗaya zan yi da izininsa: rabon *hide* da *skin* ƙa'idar 'yan kasuwa ce, ba ta kowa ba. A gidan abinci ganda, wadda Yarabawa ke kira *ponmo*, *cow skin* ake rubuta ta, ba wanda zai ce maka *cow hide*. Tunda ganda ta shigo, a guji wadda aka babbake da tayar mota ko roba, ana gane ta da warin hayaƙi da baƙin da ke goguwa a hannu. A 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta yi gargaɗi a kan ƙiragan da aka shigo da su don masana'anta, an riga an sa musu sinadarai, ana karkatar da su kasuwa a matsayin abinci. Ganda mai kauri fiye da kima, mai warin magani, ga araha, a bar ta.

Batun takalma: *skin shoe* a bakin 'yan kasuwar Legas takalmin fatar kada ne, ko jimina, ko mesa, wato wadda zanen dabbar ke bayyane. *Leather shoe* kuma na saniya ko akuya mai sumul. Da yawan abin da ake sayarwa da sunan *skin* fatar saniya ce aka danna wa zane da inji. Ka jera ƙafa biyun ka duba. Dabba ba ta maimaita zane, in ƙwayoyin dama da na hagu sun zo iri ɗaya sak, aikin inji ne. A ta jimina ta gaske kowane ƙullutu yana da ɗan rami a tsakiya inda gashin tsuntsuwar ya fito. Wanda aka rubuta wa *PU leather* kuwa roba ce a kan yadi. Ka leƙa bakin da aka yanka, za ka ga zare maimakon ɓurɓushin fata, kuma danshin Legas kan sa ta yi ta ɓarewa. In sayen fata za ka yi don ɗinki, ka nemi ta jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can ayarin Sahara ke kai musu ita.

Ma'aikaciyar Jinya, Ikeja:

Sannunku da ƙoƙari. Na kwalin magani shi ya fi damuna, don kuskurensa a jiki yake fita. *For external use only*: na shafawa ne kawai, ba a sha. *Do not apply on broken skin*: ba karaya ake nufi ba, fatar da ta tsage ce, ko ciwo a buɗe, ko inda aka sosa har ya yi ruwa. *Apply a thin layer*: shafa sama-sama, abin da ya cika gaɓar farko ta yatsa manuniya ya isa wurin da ya kai faɗin tafin hannu biyu. *Avoid contact with skin* a jikin fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari na nufin gubar tana shiga ta fata ko ba a sha ba. In ya zuba a jiki, a tuɓe rigar, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15.

*Oily*, *dry* da *sensitive skin* su ne fata mai maiƙo, busasshiya, da mai saurin yin ƙuraje ko zafi. Sabon mai a fara gwada shi a cikin gwiwar hannu, a jira kwana biyu.

'Yan'uwana mata, *skin lightening*, *toning*, *brightening*, sau da yawa sunan bilicin ne aka sauya. A juya kwalin a karanta. In an ga *clobetasol* ko *betamethasone*, maganin likita ne mai ƙarfi na ɗan lokaci. Shafa shi wata da watanni yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa mai faɗi, rauni ya ƙi warkewa, makero da ƙyasfi su samu wurin yaɗuwa. *Hydroquinone* in an daɗe a kansa yakan bar baƙin tabo a kumatu mai wuyar magani. Likitan fata *dermatologist* ake ce masa, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH.

Ɗan Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Allah gafarta Malam, saura guda: na ji an ce wani ya ci jarrabawa *by the skin of his teeth*. Haƙori yana da fata ne?

Malamin Turanci, Idi-Araba:

Ba shi da ita, ma'anar ke nan: tazarar da ta rage ba ta kai komai ba. Da ƙyar da jiɓin goshi, ya tsallake rijiya da baya. Asalin maganar daga littafin Ayuba ne a cikin Baibul, sura 19 aya 20.

Irinsu suna da yawa, kuma ba a fassara su kalma da kalma. *Soaked to the skin*, ya jiƙe sharkaf. *Skin and bones*, ya rame ƙwarai, daga ƙashi sai fata. *It made my skin crawl*, tsigar jikina ta tashi. *Save his own skin*, ta kansa yake yi. *Get under someone's skin*, ka shiga wa mutum hanci da ƙudundune. *Thick-skinned* wanda zagi da suka ba sa hana shi barci. Kada ka haɗa shi da mai kunnen ƙashi, wannan taurin kai ne, wancan juriya. *Thin-skinned* kishiyarsa, abu kaɗan ya ɓata rai.

Wadda za ta fi yi maka amfani a kasuwa ita ce *skin in the game*. In abokin ciniki ya tambaye ka ita, so yake ya ji ko kuɗinka na cikin harkar, yadda in an yi asara har da kai za a yi. Kafin ka amsa masa da e, ku rubuta nawa kowa ya zuba da yadda za a raba riba da faɗuwa, kowa ya sa hannu a gaban shaidu.