Motsi da ƙara a tsohuwar M1 Carbine: ƙirarta ce ko zaizayewa?

Mai Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, kuma wata bindiga M1 Carbine ƙirar Inland ta zo hannuna ta hanyar gado, na kuma yanke shawarar sayar da ita ta hannun dillali mai lasisi. Kafin in rubuta bayaninta, akwai abubuwan da suka shige mini duhu. Idan na girgiza ta, wani abu yana ƙara a ƙarƙashin bututun, gidan harsashin yana ɗan lilo bayan an sa shi, sakatar, wato ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle shi, ba ta tsayawa a buɗe bayan harsashi na ƙarshe, sannan tambarin da ke jikin sassanta ba na kamfani ɗaya ba ne. Ba na son in ɓoye wa mai saye aibi, ba na kuma son in kira lafiyayyen abu aibi in karya darajar kayana. Wanne ne daga cikinsu alamar tsufa?

Tsohon Makanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Babu ko ɗaya daga cikin huɗun nan da zai tayar mini da hankali. An ƙera bindigar nan fiye da miliyan 6 tsakanin 1942 da 1945, a masana'antun da yawancinsu ba su taɓa yin makami ba, irin su IBM da Underwood mai keken rubutu da Rock-Ola mai akwatin kiɗa, ita kanta Inland reshen General Motors ce. Sharaɗin soja shi ne sashen da wani kamfani ya yi ya shiga bindigar wani ba tare da an goge shi ba, kuma ta ci gaba da aiki ko da ƙura ta shige ta, saboda haka da gangan aka bar 'yar rata a tsakanin ƙarafan, ɗan lilon gidan harsashi ma daga nan yake.

Ƙarar da kake ji a ƙarƙashin bututu galibi ta ɗan fistin ce, wanda hayaƙin albarushi ke turawa ya bugi ƙarfen ɗanawa. Aikinsa ke nan ya yi 'yar tafiya gaba da baya, don haka motsinsa lafiya ce. Abin da bai kamata ya motsa ba shi ne notin da ke riƙe da shi. Gidan harsashi mai cin 15 kuwa tun asali ba ya riƙe sakata a buɗe. Akwai ɗan maɓalli a kan hannun ɗanawa da ake dannawa da yatsa idan ana son ta tsaya. Batun tambari ma haka ne, domin bayan yaƙi an mayar da yawancinsu ma'aikatun soja, aka wargaza su, aka sa musu saiti mai daidaituwa da mariƙin wuƙar baki, aka sake harhaɗa su da duk sashen da ya zo hannu. Wannan yana rage sha'awar masu tara kayan tarihi, amma ba lalacewa ba ce.

Mai Gyaran Bindiga:

Na yarda da bayanin da ya gabata, sai dai in ƙara da cewa zaizayewar gaske ba ta cika yin ƙara ba, kuma wuraren da take ɓuya ba su cikin waɗanda ka lissafa. Bayan ka cire gidan harsashi ka tabbatar babu komai a ciki, ka fara da bakin bututu. Bindigar nan ta baki ake zura mata sandar goge ciki, kuma sandar ƙarfe da aka yi shekaru ana zurawa tana cinye murɗaɗɗun tsagogin da ke juya harsashi daidai inda yake fita, har ka ga cikin bututu yana ƙyalli amma ba ta samun abin da aka auna.

Daga nan ka dubi kunnuwan sakata guda biyu da ke kulle ta, musamman na dama, ko akwai tsaga ko ɓallewa. Ka ja ƙarfen ɗanawa a hankali kana ɗan janyo shi waje: ɗan wasa ba komai ba ne, amma idan yana neman ficewa daga layinsa a tsakiyar tafiya, to ɗan haƙorin da ke riƙe da shi ya cinye. Ka kuma haska gidan fistin da fitila, saboda yakan tsage idan wani ya taɓa ɗaure notin da ƙarfin tsiya. Abu mafi muhimmanci shi ne ratar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi, wadda ido ba ya gani, sai da geji, wato ma'auni na musamman, a hannun wanda ya san aikin, kuma tunda sakatarka wataƙila ba ita ce ta asali ba, ban ga dalilin sayarwa ba tare da an auna ta ba.

Mai Tambaya:

Na gode ƙwarai. Na karanta cewa ana iya zura kan harsashi a bakin bututu a ga iya inda ya nutse. Wannan ya wadatar? Sannan launin ƙarfen ya goge a gefuna, ko in sa a sabunta shi?

Mai Gyaran Bindiga:

Gwajin harsashi yana nuna bututun da ya ƙare sarai, wato wanda ya haɗiye kan har zuwa bakin kwanso, amma ba ya bambance mai kyau da matsakaici, domin siffar kan harsashi ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Gejin auna bakin bututu yana ba da lamba, ita ce kuma mai saye zai yarda da ita. Launi kuwa, don Allah ka bar shi yadda yake. Gogewar da ke gefuna da kan hanyar sakata shaidar amfani ce kawai, kuma masu saye da yawa sun fi son tsohon launin soja a kan sabon shafi, wanda yakan sa su zargin an rufe ramukan tsatsa. Ka shafa mai kaɗan, ka ɗauki hoton tambura da bakin bututu a haske mai kyau, ka rubuta lambar da geji ya nuna tare da bayanin cewa sassanta gauraye ne.