Tsohuwar kwamfutar gidanmu tana mutuwa da kanta: in gyara ko in haƙura?

Malamin Makarantar Dare, Nima

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan kwamfuta, don ni iyakata kunnawa da rubutu.

Ta tebur ce, irin mai akwati a kwance da ake ɗora monita a kai. Hom-yus ce, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, na saye ta a Circle a nan Accra, wajen Tip Toe Lane, a 2015 lokacin da dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ke kan ganiyarsa. Takardar jikinta ta ce Core i3, yarona ya ce ƙarni na biyu ce. RAM 4GB, had-dis 500GB, Windows 7. Da ita nake buga sunayen ɗaliban makarantarmu ta dare da tambayoyin jarrabawa na Larabci, wani lokaci in yi wa 'yan unguwa katin aure ko na suna.

Yanzu kullum na kunna sai ta tsaya da baƙin allo ta ce in danna F1, kuma kwanan wata ya koma 2011. In ban gyara ba, babu shafin intanet da zai buɗe. Wannan da sauƙi. Abin da ya fi damuna, fankar ciki sai ta hau gurnani, ina cikin rubutu kawai ta ɗauke ɗif, ba sallama. Da rana ba ta wuce kwata, bayan sallar isha'i takan ɗan jure. A 'yan kwanakin nan kuma ina jin wani ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, in na buɗe folda sai na yi ta jira.

Na kai wa wani yaro mai gyara a unguwarmu. Ko murfi bai buɗe ba ya ce madabod, babban allon da komai ke haɗe a kansa, ce ta tafi, amma in na yarda zai fara yi mata fomat, wato ya share komai na ciki, ya gani. Da na ji fomat sai na ɗauko abata na dawo gida. Akwai karatun tafsirin marigayi mahaifina na azumi uku a ciki, wanda aka kwashe daga kaset, da hotunan bikin 'ya'yana mata. Babu su a wani wuri.

To ya kuke gani? Kuɗin sabuwa dai ba ni da shi yanzu.

Mai Gyara, Aboabo (Kumasi)

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa karatunsa ya cece shi. Ka yi daidai da ka hana fomat ɗin nan.

Kafin komai: daga yau ka daina kunna ta. Ba don zafin ba, don wannan ƙas-ƙas ɗin. A cikin had-dis akwai faranti da ke juyawa sau dubbai a minti ɗaya, da wani siririn hannu da ke karatu a samansa ba tare da ya taɓa shi ba. Ƙarar da kake ji, galibi hannun ne ke neman wuri ya kasa, ya koma ya sake. Kowace kunnawa tana rage masa kwana, ga shi kuma na'urar tana mutuwa yana cikin aiki, wanda shi ne abin da ya fi tsana. Wani yakan yi wata a haka, wani gobe ka kunna shiru.

A kwance murfi a ciro shi, waya biyu ce kawai a jikinsa. A samu adafta ta SATA zuwa USB, amma mai nata wutar daban, don babban had-dis na tebur yana bukatar bolt 12, USB kaɗai ba ya tayar da shi. A haɗa da wata kwamfuta lafiyayya. Kada ka ce a kwashe duka a tashi ɗaya. Tafsirin farko, sai hotuna, sai takardun makaranta. Fim da waƙoƙin yara su ne na ƙarshe, in ma an kai kansu. In Windows ta ce tana so ta duba faifan ta gyara shi, a ce a'a. Kuma duk wanda ya ce maka a sa shi a firiza ya kwana, ka gode masa ka wuce. Da damshin Accra, ruwa zai taru a cikinsa.

Tafsirin ba wani nauyi gare shi ba. Awa ɗaya ta MP3 mai matsakaicin inganci wajen 60MB ce, azumi guda bai fi 2GB ba in zaman awa ɗaya ne. Google Drive na ba da 15GB kyauta. Ka sa a can, ka sa a filashi, ka tura wa 'yan'uwa su ma su ajiye.

Sauran biyun kuma, a ganina ba madabod ba ce. Maganar F1 da kwanan wata batirin CMOS ne, ɗan kewayayye kamar kwabo a kan madabod, lambarsa CR2032, bolt 3. Shi ke riƙe agogo in an cire wuta. Masu gyaran agogo ma suna sayarwa. Shafukan intanet suna ƙin buɗewa ne saboda burauza na duba takardar shaidar tsaron shafin ta ga kwanan watanta bai dace da 2011 ba.

Mutuwar rana kuwa zafi ne, tunda ka ce da dare tana jurewa. Furosesa in ya doshi digiri 100 yakan rage gudu, in abin ya ci tura ya kashe kansa don kar ya ƙone. Ina da yaƙinin in ka buɗe za ka tarar ƙurar hunturun shekaru ta zama bargo tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya. A fitar da ita waje a hure da buluwa, amma a riƙe fankar da yatsa kar iska ta juya ta fiye da kima. A ɗaga ƙarfen, a goge tsohon man da ya bushe a kan furosesa, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Yana buɗe ɗin ka leƙa kafasitoci, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye. Kansu ya kamata ya zama a shafe. In ka ga wanda ya kumbura ko ya tsiyayo abu mai ruwan ƙasa, to a nan ne yaron zai iya yin gaskiya. Akwatin wutar da ke ciki dai kada kowa ya buɗe shi, yana riƙe wuta ko an zare soket.

Sannan ka sayi SSD ko 240GB ce a maimakon tsohon faifan. Ita babu abin da ke juyawa a cikinta. Za ka rantse sabuwar kwamfuta aka ba ka.

Hajiya Mai Atamfa, Madina

Malam sannu da ƙoƙari. Ni ban san waya ko ɗaya a cikin abin nan ba, amma na san lissafi. A kwashe karatun Baba, wannan wajibi ne, babu jayayya. Bayan nan fa? Batiri, man shafawa, SSD, adafta, kuɗin hannun mai gyara, kuɗin motar haya ta turoturo zuwa Circle da dawowa. Ka tara su ka gani. Maigidana, Alhaji, haka ya yi ta yi da tamu, yau a canja wannan gobe wancan, ƙarshenta da 'yan kondem masu sayen tsoffin ƙarafa suka zo wucewa abin da suka ba mu ko kuɗin cefanen rana ɗaya bai kai ba.

Ni duk harkar shagona a waya take, daga MoMo na karɓa da tura kuɗi har hotunan kaya da nake tura wa masu saye. Katin aure ma yaran yanzu a waya suke tsarawa su tura ta WhatsApp, wa ke jiran takarda? In dole sai kwamfuta, ka daure ka shiga adashi, in ka kwasa ka sayi laftof hom-yus mai batiri. Ko an ɗauke wuta aikinka bai ɓata ba. Kuma iyayen ɗalibai su sa hannu mana, ai don 'ya'yansu kake yi. Kai dai ba ka iya roƙo ba ne, irin malamanmu.

Ɗan Legon

Baba Malam, barka da dare. Hajiya ki yi haƙuri, amma waya ba za ta buga masa jarrabawar Larabci shafi huɗu da wasali ba. Na gwada, ido ne ke fita.

Abin da ba a taɓo ba shi ne Windows ɗin kanta. Microsoft ta daina sabunta tsaron Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Chrome ma ya tsaya a lamba 109 a kanta tun farkon 2023. Windows 10 ita ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa a ƙa'ida tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, taka ta biyu ce. Ke nan ko an gyara ƙarfen, ana shiga intanet ne ƙofa a buɗe.

In an sa SSD ɗin, a ɗora mata Linux Mint, nau'in Xfce, a maimakon Windows. Kyauta ce, 4GB ya ishe ta, fuskarta kuma ta yi kama da Windows 7, ba za ka ɓata ba. Tana zuwa da Firefox na shiga intanet da LibreOffice na rubutu irin na Word, kibod ɗin Larabci na nan. Ana iya gwada ta daga filashi ba tare da an taɓa komai ba. Ni da ita nake aikin makaranta a wata laftof da ta girmi ƙanena.

Mai Gyara, Aboabo (Kumasi)

Ɗan Legon, kwanakin da ka kawo daidai ne, amma ka sassauta. Na ɗora wa dattijai Linux a shagon nan, rabinsu sun dawo. Takardun Word na Larabci da aka tsara da rubutun Traditional Arabic, in ka buɗe a LibreOffice babu wannan rubutun sai layuka su goce, katin da ke shafi ɗaya ya koma biyu. Wata firintar ma sai an sha fama. Kuma in ta rikice da dare, wa zai kira a Nima? Kai kana jami'a a Legon kana jarrabawa. A gwada daga filashi kamar yadda ka ce, a buɗe takardunsa na gaske, a buga shafi ɗaya. In ya fito daidai, bismilla. In bai fito ba, ya zauna da Windows ɗinsa don rubutu da bugawa kawai, a zare mata intanet, ya riƙa shiga da waya.

Hajiya, maganarki ta wuta gaskiya ce. Ɗaukewa da dawowar wuta na iya kashe had-dis. Ƙaramin UPS zai ba shi 'yan mintocin da zai adana aiki ya kashe da kyau, sai dai batirinsa kan gaji bayan shekara biyu ko uku. Amma laftof hom-yus ɗin ma, batirin da ke cikinta ya riga ya sha duniya, kuma ta tebur ta fi ta sauƙin gyara nesa ba kusa ba. Sannan duk mai sayar wa 'yan kondem, ya cire had-dis tukuna. Tun kafin a rushe kasuwar ƙarafa ta Agbogbloshie a 2021 ake tsinto faifai masu aiki a sake sayarwa da hotunan mutane da takardunsu a ciki. Gogewa da hannu ba ta share su.

Malamin Makarantar Dare, Nima

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ga inda aka kwana.

Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a shagon buga takardu a Mamobi ya zo da adaftar da laftof ɗinsa. Hotuna duk sun fito, takardun makaranta ma. Tafsirin azumi biyu ya fito lafiya, har na tura wa ƙannena. Na ukun ne ya ƙi. Yana kaiwa zama na goma sha ɗaya sai ya tsaya, ƙarar ta dawo. Ya sa wata manhaja, CrystalDiskInfo, ta nuna ja. Sai na ce a bari haka.

Ƙurar kuwa, Mai Gyara, kamar kana wurin. Har da busasshiyar tsaka a bayan fanka. Kafasitocin duk lafiya. An sa batiri da man, ya ara mini wani tsohon faifai don gwaji, ta yi tun azahar har magariba ba ta mutu ba, kuma ba gurnani. SSD sai ƙarshen wata. Hajiya, na faɗa wa shugaban iyayen yara maganarki, ya yi dariya ya ce za su duba batun UPS. Ɗana na Legon, zan gwada abin naka a filashi, amma in layukan Larabcina suka goce kai zan kama.

Sauran zaman da suka maƙale fa, akwai dabara? Kaset ɗin asali ina jin suna wajen yayata a Asawase, in ba a zubar ba lokacin da suka tashi daga tsohon gida.

Mai Gyara, Aboabo (Kumasi)

Alhamdu lillahi. Faifan kada a sake ba shi wuta. Ka sa shi a leda ka ajiye inda ba damshi. Akwai manhajar ddrescue da ke tsallake wuraren da suka lalace ta kwashi sauran, amma sai a hannun wanda ya iya, kuma dama ɗaya ce. Masu buɗe faifai a ɗaki na musamman kuɗinsu ya fi na kwamfutar.

Kaset ya fi sauƙi. Asawase da Aboabo ai ƙafa ce. Ka kira Yaya yau ta duba, ta ga ko zaren bai yi fumfuna ba, kuma kada ta gwada su a tsohuwar rediyo ta cinye. Ina da dek ɗin kaset mai kyau a shago, da wayar haɗi ɗaya da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity za a sake kwashewa. Sai dai kaset na minti casa'in minti casa'in yake ci, ba a yi masa gaggawa, don haka ta fara kawo daga zama na goma sha ɗaya zuwa sama. Kuɗin hannu ka bar shi, a sa ni cikin addu'ar ɗalibai.